Fashin baƙi: Yadda cigiyar Turawan da suka ɓata a dajin Ostareliya ta sauya ƙasar

Yaya za a yi mutum 7, da dawaki 7, da alfadarai 20, da shanu 50, su shiga daji su ɓace ɓat, har yau fiye da shekara 170 ba a tsinci ƙashin ko ɗaya daga cikinsu ba? Kuma yaya za a yi mutum ya mutu da yunwa a bakin ruwa mai cike da kifi, a tsakiyar jama'ar da ke kwana da ƙoshi?

Tambayoyin nan biyu, ta farko kan ayarin Ludwig Leichhardt, ta biyu kan na Burke da Wills, waɗanda suka ɓata a dajin Ostareliya, su ne ƙashin bayan labarin da ake yawan juyawa a shafukan sada zumunta a ƙarƙashin taken abubuwan al'ajabin da aka kasa warwarewa. Yawanci ana ba da shi a dunƙule: wasu jarumai Turawa sun kutsa hamadar da ba kowa, hamada ta haɗiye su, aka yi ta nema ba a gan su ba. Wannan bayanin ya bar abubuwa biyu a baya, kuma su ne suka fi muhimmanci. Dajin ba kango ba ne, gidan mutane ne. Sannan ayarin da aka riƙa turawa cigiya sun yi wa ƙasar tasirin da ya zarce na waɗanda suka ɓata nesa ba kusa ba.

Wane daji ake nufi?

Ostareliya tsibiri ce mai faɗin kimanin murabba'in kilomita miliyan 7.7, wato ta ninka Nijeriya fiye da sau 8. Turawan Ingila sun fara kafa zama a can a 1788, a inda birnin Sydney yake yanzu, kuma shekara da shekaru suna maƙale a gaɓar teku. Duk abin da ke bayan gonakinsu na ƙarshe, daga fako da saura zuwa tsagwaron rairayi, shi ne suke kira da kalmar outback, ma'ana can baya, inda hanya ta ƙare.

Yanayin wurin sai a hankali. Lokacin zafi yana kamawa daga Disamba zuwa Fabrairu, akasin namu. Koguna da yawa sunansu kawai koguna, sai a shekara ana ganin yashi da 'yan tafkuna jefi-jefi, rana ɗaya ruwan da aka yi a nisan ɗaruruwan kilomita ya gangaro ya malale fili iya ganinka. Wanda ya bi ta wani wuri bana ya tarar da ciyawa har gwiwa, baɗi wani ya bi sawunsa ya tarar da ƙura.

Amma akwai mutane a ciki. 'Yan asalin ƙasar, waɗanda ake kira Aborijin, sun fi shekara 50,000 a wurin, kuma lokacin da Turawa suka zo suna magana da harsuna kusan 250. Kowace al'umma ta san iyakar ƙasarta, ta san rijiyoyinta na ɓoye a gindin duwatsu, tana da hanyoyin fatauci da ake bi da jar ƙasa ta kwalliya da ɓawon kifin teku daga wannan gefe zuwa wancan. Saboda haka in an ce Bature ya ɓata a wannan daji, abin da ake nufi shi ne ya ɓace wa danginsa na bakin teku. Masu ƙasar galibi suna kallonsa tun daga nesa, sun ƙirga raƙumansa, labarinsa ya riga shi isa zango na gaba.

Me ya kai su?

Na farko dai makiyaya. Arzikin mulkin mallakar ya ta'allaƙa ne a kan gashin tumaki da ake kai wa masaƙun Ingila, kuma garke yana ƙaruwa, fili yana ƙarewa. Duk wanda ya dawo da labarin ciyawa da ruwa ya kawo wa masu dukiya abin da ya fi zinariya. Na biyu, akwai tsohon zaton cewa akwai wani teku a tsakiyar ƙasar, har Charles Sturt ya ja kwale-kwale zuwa cikin hamada a 1844 yana nemansa. Na uku, gasa. A lokacin Ostareliya ba ƙasa ɗaya ba ce, yankuna ne daban-daban a ƙarƙashin Ingila, kowanne yana son layin tangaraho da zai haɗa su da duniya ya bi ta ƙasarsa. Yankin Ostareliya ta Kudu ya sa ladan fam 2,000 ga wanda ya fara ratsa ƙasar daga kudu zuwa arewa. Yankin Victoria kuwa, wanda zinariyar da aka gano a 1851 ta cika wa aljihu, bai yarda a riga shi ba.

Leichhardt: wanda ya taɓa dawowa daga mutuwa

Ludwig Leichhardt Bajamushe ne, an haife shi a 1813, masanin tsirrai da duwatsu. Ya sauka Sydney a 1842. A Oktoba 1844 ya tashi daga yankin Darling Downs da 'yan mutane kaɗan, ciki har da 'yan asalin ƙasa biyu masu nuna hanya, ya nufi Port Essington a can ƙuryar arewa. Tafiyar kusan kilomita 4,800 ta ci wata 14 da ɗoriya. Kafin ya isa a Disamba 1845 an riga an fid da rai da shi, har an yi ta alhininsa. Da ya bayyana a Sydney sai gari ya ɗauka, aka yi masa ruwan kyauta da lambobin yabo.

Wannan dawowar ta taimaka wajen jinkirta cigiyarsa a karo na gaba. A 1848 ya ɗaura aniyar abin da ya fi na farko girma, wato ratsa ƙasar gaba ɗaya daga gabas zuwa Kogin Swan a yamma, inda birnin Perth yake. Ganin ƙarshe da aka yi masa shi ne ranar 3 ga Afrilu 1848, a wata gonar kiwo kusa da garin Roma na yau a yankin Queensland. Shi da kansa ya ce tafiyar za ta ci shekara 2 zuwa 3, don haka ba wanda ya damu da shirunsa sai da aka kai 1851. Ayarin cigiya na farko na gwamnati, a ƙarƙashin Hovenden Hely, bai tashi ba sai 1852. Shekara 4 kenan, damina huɗu ta wanke sawu.

Hely ya dawo da labaran da ya ji daga bakin 'yan ƙasa cewa an kashe wasu fararen mutane a bakin wani rafi, da kuma wata bishiya da aka sassaƙa wa harafin L. A 1858 Augustus Gregory ya sake tarar da wata bishiyar mai L a kusa da Kogin Barcoo, amma fari ya tsananta, dole ya karkata kudu ya bi ta rafin Cooper Creek har ya fita Adelaide, babban birnin Ostareliya ta Kudu. A riƙe wannan hanyar ta Gregory, za ta sake fitowa a labarin.

Daga nan cigiyar ta zama gado. A 1864 Duncan McIntyre ya ga bishiyoyi masu L a Kogin Flinders da tsofaffin dawaki biyu suna yawo. Matan Melbourne, babban birnin Victoria, suka tara kuɗi aka naɗa shi madugun sabon ayari a 1865, zazzaɓi ya kashe shi a 1866. A 1869 John Forrest ya shiga daga yamma bisa labarin wasu ƙasusuwa, suka zama na dawakin wani ayari ne daban da suka ci ganye mai guba shekaru da suka wuce. Har a 1938 gwamnatin Ostareliya ta Kudu ta tura mutane bakin Hamadar Simpson kan jita-jitar an ga ƙasusuwa.

Burke da Wills: sa'o'i 9

Labari na biyu ya fi na Leichhardt ciwo, domin shi an san komai a kansa, har abin da mutanen suka rubuta da hannunsu a kwanakinsu na ƙarshe.

Ranar 20 ga Agusta 1860 ayarin Victoria ya tashi daga Melbourne don ratsa ƙasar daga kudu zuwa arewa, mutane kusan 15,000 suka fito rakiya. Mutum 19 ne, da dawaki 23, da raƙuma sama da 20, yawancinsu an kawo su daga ƙasar Indiya ta wancan zamani tare da masu kula da su, da keken doki 6 ɗauke da kaya kusan tan 20. A cikin kayan har da teburin katako da kujeru. Madugun, Robert O'Hara Burke, ɗan sanda ne ɗan asalin Ailan, jarumi ne amma bai taɓa jan ayari cikin daji ba. William John Wills, matashi mai ilimin awon ƙasa da taurari, shi ya zama mataimakinsa bayan Burke ya yi rigima da mai kula da raƙuman a hanya.

Nauyin kaya ya sa sun kwashe wata 2 kafin su kai Menindee, tafiyar da keken wasiƙu ke yi a ɗan fiye da mako guda. Burke ya ƙosa, yana tsoron a riga shi. Sai ya raba ayarin, ya bar yawancin guzuri a Menindee a hannun William Wright da umarnin ya biyo baya, shi kuma ya wuce Cooper Creek. A can ya sake rabawa. Ranar 16 ga Disamba, a tsakiyar zafi, ya ɗauki Wills da John King da Charles Gray, da raƙuma 6 da doki 1, suka nufi tekun arewa. Ya ce wa William Brahe, wanda ya bar wa ragowar ayarin, ya jira shi a zango wata 3. Wills ya ja Brahe gefe ya roƙe shi ya ƙara ya zama 4.

A Fabrairu 1861 suka kai bakin Mashigin Carpentaria. Ba su ga tekun da idonsu ba, laka da sarƙaƙiyar itatuwan gaɓa suka tare su, sai dai sun ɗanɗana ruwan gishiri sun ga yana hawa yana sauka. Suka juyo cikin damina, abinci ya yi ƙasa, suka yanka dokin da wasu raƙuman. Gray ya rasu ranar 17 ga Afrilu, kuma saboda rashin ƙarfi sai da suka shafe yini guda suna haƙa masa kabari.

Da yammacin 21 ga Afrilu mutum ukun suka ja jiki suka iso zangon. Ba kowa. Tokar murhu ba ta gama hucewa ba. Brahe ya jira wata 4 da 'yan kwanaki, Wright bai zo ba, ɗaya daga cikin mutanensa yana kwance rai a hannun Allah, sai ya tashi da safiyar wannan ranar, kimanin sa'o'i 9 kafin isowarsu. A jikin wata bishiya ya sassaƙa kalmar DIG, wato tona, da kwanan wata. Suka tona suka sami ɗan abinci da wasiƙa.

Kuskuren da ya biyo baya shi ne ya fi taɓa ni a duk labarin. Wills da King sun so a bi sawun Brahe. Burke ya ce a'a, su bi hanyar da Gregory ya bi a 1858 zuwa wata gonar kiwo da ke Mount Hopeless, nisan kusan kilomita 240. Suka rubuta wasiƙa suka binne a ramin, suka share wurin tas don kada 'yan ƙasa su gane an binne wani abu, kuma ba su ƙara ko ɗigo a jikin bishiyar ba. Ranar 8 ga Mayu Brahe, wanda zuciyarsa ta kasa kwanciya, ya dawo tare da Wright. Suka duba suka ga komai yadda aka bar shi, ba su tona ba, suka juya bayan 'yan mintoci. A lokacin mutanen da suke nema suna raye a gangaren rafin, tafiyar kwana biyu kacal.

Yunwa a tsakiyar abinci

Raƙuma biyun da suka rage suka mutu, ɗaya ya kafe a laka, ɗaya ya gaji. Ba dabbar ɗaukar ruwa, hanyar Mount Hopeless ta rufe. Suka dawo bakin Cooper Creek, ƙasar mutanen Yandruwandha.

Mutanen nan sun karɓe su da hannu biyu. Sun kawo musu kifi, sun ba su wata waina da suke yi da ƙwayar wani tsiron fadama mai suna nardoo. Burke bai saki jiki da su ba. Wata rana da wani ya ɗauki ɗan ƙyalle daga bukkarsu, sai ya harba bindiga a sama, daga baya kuma ya kori waɗanda suka zo da kifi. Mutanen suka tattara suka ƙaura, suka bar baƙin da kansu.

Turawan suka koma tsintar nardoo suna daka wa kansu. Duk wanda ya san rogo mai ɗaci zai fahimci abin da ya faru. Rogon nan abinci ne a hannun wadda ta san yadda ake jiƙa shi a tsane a shanya, amma guba ne a hannun baƙo. Nardoo yana ɗauke da wani sinadari mai lalata bitamin B1 a jiki, kuma masu ƙasar suna da hanyarsu ta sarrafa shi, ga shi kuma ba shi kaɗai suke ci ba, suna haɗawa da kifi da nama. Masu bincike da dama na ganin cin sa ba bisa ƙa'ida ba, a jikin da wata 4 na wahala ya riga ya raunana, shi ya ƙarasa su. Wills ya rubuta a littafinsa cewa yana ci yana ƙoshi, amma ƙarfi sai ƙara zubewa yake, har tashi ya gagare shi.

A ƙarshen Yuni 1861 Wills ya rasu shi kaɗai a bukka, bayan ya matsa wa sauran su tafi neman mutanen da aka kora. Burke ma ya rasu a cikin kwanakin nan. Ya roƙi King ya sa masa bindigarsa a hannu, kada ya binne shi.

King, sojan da ke kula da raƙuma, mafi ƙanƙanta a muƙami, ya yi abin da madugunsa ya ƙi yi. Ya bi sawun Yandruwandha har ya same su, ya riƙa harbo musu tsuntsaye, su kuma suka ba shi bukka da abinci. Wata mata a cikinsu, wadda ya sa wa magani a ciwon hannunta, ta riƙe shi kamar ɗan cikinta. Da ya kai su inda gawar Burke take sai suka yi kuka suka rufe ta da rassan itace. Wata 2 da rabi ya yi a hannunsu. Ranar 15 ga Satumba 1861 ayarin Alfred Howitt ya same shi, ya rame ya ƙone har sai da ya faɗi sunansa aka gane shi. Jimillar waɗanda tafiyar ta ci mutum 7 ne.

Yaya ake cigiya a ƙasar da ba waya?

Kayan aikin ba su da yawa. Ana duba bishiyoyi ko an sassaƙa harafi, ana tona gindinsu ko an binne kwalba da wasiƙa, ana neman kashin raƙumi da tsohon murhu. Howitt ya tafi da tantabaru don su kai saƙo Melbourne, amma gashin wutsiyarsu ya lalace a keji, dabarar ba ta yi ba. Labarin mutuwar Burke da Wills bai isa birni ba sai farkon Nuwamba.

Abin da ya fi komai aiki shi ne ido da bakin 'yan ƙasa. Kusan kowane ayarin cigiya yana tafe da masu bin sawu daga cikinsu, mutanen da za su kalli busasshiyar ƙasa su faɗi dabba nawa ta wuce da kuma yaushe. Bahaushe ya ce matambayi ba ya ɓata, sai dai tambayar tana bukatar harshe da kunne. Tafinta daga wata al'umma ba lalle ya ji yaren ta gaba ba, kuma mai tambaya yakan ji abin da ya zo da shi a ransa. John McKinlay, wanda ya taso daga Adelaide, ya tarar da kabarin Bature guda, wanda ake kyautata zaton na Gray ne, nan take ya yanke cewa 'yan ƙasa sun hallaka ayarin Burke baki ɗaya, har ya raɗa wa tafkin wurin suna Tafkin Kisan Gilla. Alhali kuwa mutanen wannan yanki ne suka ciyar da King har aka same shi.

Wa ya ci ribar cigiyar?

A 1861 ayari 4 suka fita ta ƙasa neman Burke: Howitt daga Melbourne, McKinlay daga Adelaide, Frederick Walker daga Rockhampton, da William Landsborough wanda aka kai ta jirgin ruwa zuwa Carpentaria ya gangaro kudu. Howitt ne kaɗai ya sami abin da aka fita nema. Amma su huɗun a haɗe sun zana taswirar ƙasa mai faɗin da Burke bai kusanci zanawa ba, kuma ba su rasa ran Bature ko ɗaya ba. Rahoton Landsborough musamman, mai cike da yabon ciyawa, ya tayar da guguwar masu neman fili. A 1862 aka matsar da iyakar Queensland zuwa yamma don ta haɗiye yankin Carpentaria. A 1865 aka kafa garin Burketown. A farkon shekarun 1870 shanu sun riga sun cika bakin Cooper Creek, kuma bishiyar da Brahe ya sassaƙa ta koma cikin gonar kiwon wani.

Ga talakan Bature wannan buɗi ne, fili da aiki. Ga masu ƙasar kuwa masifa ce ta sauka. Tafkin da ke shayar da dangi guda shekara dubbai, garken shanu yakan dagula shi a rani ɗaya. In suka soki saniya don yunwa, sai a turo musu rundunar 'yan sandan da ake ɗebowa daga 'yan ƙasa na wasu yankuna masu nisa a ƙarƙashin hafsoshi Turawa. Walker, wanda aka tura ceton Burke, shi ne kwamandan farko na wannan runduna a arewa, kuma a tafiyar ceton ma mutanensa sun harbe 'yan ƙasa. A yankin Kogin Cloncurry, wanda Burke ya raɗa wa suna da ya wuce a 1861, an gano jan ƙarfe a 1867, kuma a 1884 aka murƙushe mutanen Kalkadoon da bindiga a kan dutsensu.

Akwai wani reshe na labarin da zai ja hankalin mai karatu Musulmi. Daga cikin masu raƙuman ayarin Burke akwai Dost Mahomed, wanda ya zauna a zango tare da Brahe. Tafiyar ta nuna cewa raƙumi ne maganin wannan daji, sai aka shiga shigo da raƙuma dubbai da masu jan su daga Afganistan da yankunan Pakistan na yau. Su suka yi dakon kayan layin tangaraho da aka kammala a 1872, su suka gina masallatai na farko a cikin dajin, irin na Marree da na Broken Hill.

Laifin wa?

Hukumar binciken da gwamnatin Victoria ta kafa ta ɗora mafi nauyin laifin a kan Wright saboda bai bar Menindee ba sai ƙarshen Janairu 1861, ta zargi kwamitin shirya tafiyar da sakaci, ta kuma ce ɗokin Burke ya fi tsantseninsa yawa. Masu kare Wright suna cewa an bar shi ba tabbacin muƙami, ba isassun dabbobi, kuma shi ma ya binne mutum 3 a hanya. Jama'ar Melbourne dai sun riga sun zaɓi gwarzonsu. A Janairu 1863 aka yi wa Burke da Wills jana'izar ƙasa, mutane kusan 40,000 suka cika tituna. A wannan rana kuma Adelaide ke tarbar John McDouall Stuart, wanda ya ratsa ƙasar ya dawo a 1862 ba tare da ya rasa mutum ko ɗaya ba, saboda shi yakan juya baya duk lokacin da ruwa ya gagara, ya sake shiri.

A ganina laifin ya wuce na mutum ɗaya. Dokar mulkin mallakar ta ginu ne a kan cewa ƙasar ba ta da mai ita, kuma wanda aka tarbiyyantar a kan haka da wuya ya durƙusa ya nemi ilimi a wurin wanda aka ce masa ba ya nan. Mu nan mun ga ɗayan salon a daidai wannan zamani. Heinrich Barth, Bajamushen da ya yi yawo a Kano da Katsina da Sakkwato da Kukawa da sunan Abdulkarim, shi ma an taɓa baza labarin mutuwarsa, har ya yi kiciɓis da wani Bajamushe mai bincike, Eduard Vogel, a daji tsakanin Kano da Barno a ƙarshen 1854, Vogel na zaton Barth ya mutu. Barth ya koyi Hausa da Barebari, ya bi ayarin fatake, ya nemi izinin sarakuna, ya koma gida da ransa. Da ɗan gari akan ci gari. Ba ina wanke tafiyar tasa ba ne, domin rubuce-rubucen irinsu sun amfani waɗanda suka zo da bindiga daga baya. Vogel kuma an kashe shi a Wadai a 1856, aka yi ta turo masu cigiyarsa daga Jamus, ɗaya daga cikinsu ma ya rasa ransa a 1863.

Abin da ya rage a ƙasa

Game da Leichhardt, hasashe ya kasu. Wasu na cewa an kashe su a faɗa, wasu na cewa ambaliya ta shafe su a kwance, wasu ƙishirwa, wasu kuma na ganin wani daga cikinsu ya rayu ya tsufa a cikin 'yan ƙasa. Shaida ɗaya ce ta tsaya da ƙafarta. Wajen 1900 wani makiyayi ɗan asalin ƙasa ya tsinci wata bindiga da wuta ta ci rabinta, a saƙale a jikin wata bishiya 'yar uwar kukarmu, mai harafin L, kusa da Sturt Creek, tsakanin Hamadar Tanami da babbar hamadar rairayi ta yamma. A jikin bindigar akwai ɗan allon tagulla da aka rubuta sunan Ludwig Leichhardt da shekarar 1848. A 2006 gidan tarihin ƙasa da ke Canberra ya gwada ƙarfen ya tabbatar da cewa na zamanin ne. In har shi ya kai bindigar wurin, to ya ci kusan kashi biyu cikin uku na tafiyarsa, kuma ya bi ta arewa ne yana kewaye hamada, nesa da inda yawancin masu cigiya suka ɓata shekaru suna dubawa. Masu taka-tsantsan suna tunatar da cewa kayan ƙarfe kan yi tafiya mai nisa daga hannu zuwa hannu a hanyoyin fataucin 'yan ƙasa.

John King bai sake samun lafiya ba. Gwamnati ta yanka masa fansho, tarin fuka ya kashe shi a 1872 yana ɗan shekara 30 da 'yan kai. Mutanen da suka raya shi kuwa, abin da aka aika musu ta hannun Howitt a 1862 shi ne wasu allunan tagulla na ratayawa a ƙirji, da rubutun godiya a harshen da ba sa karantawa. Sai a 1992, a shari'ar Mabo, babbar kotun Ostareliya ta rushe da'awar cewa ƙasar ba ta da mai ita kafin zuwan Turawa. A 2015 kotun tarayya ta amince da haƙƙin gado na Yandruwandha da maƙwabtansu Yawarrawarrka a kan wani yanki na ƙasarsu, kuma alƙalin ya je ya yi zaman ne a bakin wani tafki na Cooper Creek, kusa da inda Burke ya cika.